Kayen da na karanta a gaban aji: so, cin amana da kunya a waƙoƙinmu na da da na yanzu

Akwai wani abu da na aikata a shekarar 2015 wanda har yau idan na tuna shi sai gabana ya faɗi. A lokacin ina koyar da Faransanci a wata koleji a yankinmu na Gangara, cikin jihar Maraɗi, ina ji da ƙuruciya da zafin aiki. Wata rana da hantsi ina rubutu a allo, na juyo sai na hangi wata ɗalibata ta sunkuyar da kai tana rubutu a bayan kayenta, wato littafin da take ɗaukar darasi a ciki. Na taka a hankali na fizge shi. Shafuka huɗu na ƙarshe duk waƙoƙi ne da Hausa. Biyu na gane su, na finafinan Kano ne da ake sakawa a kowane shagon cajin waya. Sauran kuwa nata ne, ita ta tsara su da kanta.

Maimakon in rufe kayen in kira ta gefe, sai na tsaya a gaban aji na shiga karantawa da ƙarfi, ina lanƙwasa murya. Aji ya kaure da dariya, maza har da buga tebur. Ita kuwa ta ja hijabinta ta rufe fuska. Na ce mata, “Ke ko kunya ba ki ji?” Abin da kawai ta ce shi ne, “Mushe, ka yi haƙuri.” Daga ranar yara suka ɗauki wata kalma daga cikin waƙar suka mayar da ita sunanta. Da aka dawo daga babban hutu ban ƙara ganinta a aji ba. Daga baya na ji an ɗaura mata aure bayan an gama girbin gero. Ba zan ce ni kaɗai ne sanadi ba, amma na san na sa hannu. Kayen kuwa ya zauna a akwatina.

Da yammacin ranar da abin ya faru na je gaida kakata, wadda muke kira Iya, na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa. Na ba ta labari ina jiran ta yaba mini. Ta daɗe ba ta ɗago kai ba, sannan ta ce, “Maigida, ashe bokon nan bai ƙara maka wayo ba. Kana tsammani mu duwatsu ne? Mu ma mun so, an kuma ci amanarmu. Sai dai mu muna da dutsen niƙa, shi muke gaya wa.” A ranar dariya na yi, na ɗauka wasan jika da kaka ne. Sai bayan da yarinyar ta bar makaranta maganar ta dawo mini, ita ce kuma ta sa na koma ina bin waƙoƙin Hausa zamani bayan zamani, ina duba yadda kowanne ya ɗauki so, da cin amana, da kunya.

Na fara da na su Iya. Matan karkara suna da waƙoƙin niƙa, da na daka, da na daɓe, ƴan mata kuma suna da na gaɗa a dandali idan wata ya yi haske. Da na zauna na saurari abin da ta riƙe a kai, sai na ga babu abin da yarinyar nan ta rubuta wanda babu shi a ciki. Akwai saurayin da ake so iyaye suka hana. Akwai wanda ya tafi ci-rani ya ce da damina zai dawo, damina uku ta wuce shiru. Akwai mijin da kaka ta yi masa kyau ya sayar da gyaɗa ya kawo kishiya. Akwai uwar miji. Bambancin shi ne ba a kama suna. Ana cewa “wani”, ko a kira shi da siffar rawaninsa ko dokinsa, ko a yi magana da tsuntsu alhali da mutum ake. Mai niƙa tana rera abinta da asuba, miji na kwance a ɗaki yana ji, uwar miji na ji, kowa ya san inda aka dosa, amma babu mai iya cewa an zage shi. Habaici ke nan. Kunya ba ta hana matan nan magana ba, hanyar maganar ta tsara musu.

Wanda ke shakkar cewa mutanen da sun san so, ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Tsohuwar ta faɗi yadda aka yi mata auren fari da ɗan'uwanta alhali ranta yana kan wani, wanda daga baya ta aura. Ta faɗi wannan a fili, ita da ta tashi a zamanin da mace ba ta kama sunan mijinta. Ni kaina ɗan fari ne, har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar ƙaunar da take yi mini ba. So da kunya a gida ɗaya suka tashi.

To amma ina dutsen niƙa yau? Injin niƙa ya karɓi aikinsa, mun kuma gode Allah da sauƙin da mata suka samu. Daɓe ya ba siminti wuri. Dandali ya mutu a garuruwa da yawa. Duk wuraren da mace ke sauke abin da ke ranta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, mun rufe su ɗaya bayan ɗaya, ba mu buɗe wasu a madadinsu ba. Abin da ya rage wa ɗalibata shi ne bayan kayenta, shi ma na ƙwace.

Daga nan na nufi wurin kawuna, malamin zaure ne da ya yi karatu a Katsina da Zariya. Na tambaye shi ko malamai sun yarda da waƙar so. Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, ka taɓa jin Banat Su'adu?” Ya ba ni labarin Ka'abu ɗan Zuhairu, mawaƙin da ya zo Madina neman afuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan buɗe Makka. Ƙasidar da ya karanta a gabansa da maganar wata mace ta fara: rabuwa da ita, da kyawunta, da yadda ba ta cika alkawari. Sai daga baya ya shiga yabo da neman gafara. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ba a katse shi ba, mayafi ma aka yafa masa. Wannan ƙasida ana karantar da ita a zaurukanmu har gobe, tare da Burda ta Busiri da Ishiriniya ta Alfazazi. Kawu ya ce almajirin da bai san zafin bege ba, ba zai gane abin da masu begen Annabi ke faɗi ba, domin da kalmomin masoya suka gina waƙoƙinsu: rashin barci, hawaye, ɗokin gani.

Haka abin yake a wajen malaman jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, yana da kimanin shekara 20 ya yi ƙasidarsa ta Larabci ta begen zuwa Madina. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. A cikinsu ta faɗi kewa da kaɗaici ba tare da ɓoyewa ba, kuma babu wanda ya ce ƴar Shehu ta yi rashin kunya don ta yi kukan mijinta a rubuce.

Abin da ya fi jan hankalina a waƙoƙin wancan zamani shi ne wanda ake ɗora wa laifin cin amana. A Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ana jan kunnen masu mulki ne da alƙalai da masu cin dukiyar jama'a. Kunyar da ake tsoratarwa da ita kuwa ta ranar da asirai za su tonu ce. Wato a wajensu, wanda aka damƙa wa amana shi ya fi cancanta ya ji kunya, kuma gwargwadon ƙarfin mutum gwargwadon nauyinsa. Da na auna kaina da wannan sikeli sai na ga a cikin ajin nan ni ne mai ƙarfi, ni ne kuma aka ba amana.

Da aka shigo ƙarni na 20, birane suka bunƙasa, jirgin ƙasa ya iso Kano, kuɗin gyaɗa suka yawaita, sai waƙar gargaɗi ta sami sabon abin magana. Mu'azu Haɗeja, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya yi Waƙar Karuwa da Waƙar Giya. Aƙilu Aliyu ya yi Ƴar Gagara. Waɗannan manyan fasihai ne, duk mai son Hausa ya kamata ya karanta su, kuma ɓarnar da suka gani gaskiya ce. Sai dai idan ka lura, nauyin zargin a kan macen ya fi sauka. Ita ce maƙaryaciya, ita ce mai rushe gida, ita ce marar kunya. Namijin kuwa gargaɗi ake yi masa kada ta cuce shi, ko da yake da ƙafarsa ya je, da kuɗinsa kuma aka kama ɗakin. Ba a cika tambayar abin da ya fitar da ita daga gidan miji ba, ko shekarunta nawa aka kai ta. Mu da muka taso da irin wannan karatu mun ɗauki darasin har ya wuce inda masu waƙar suka nufa: da zarar an ce so ko kunya, sai idonmu ya faɗa kan ƴa mace.

Makaɗan baka sun ɗan daidaita sikelin. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa miji da mata nasiha tare a kan zaman aure. Barmani Coge da ƙwaryar amada ta yi magana da bakin matan cikin gida, kan kishi da kan neman na kai. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa ya yi waƙoƙin so har da kama sunan mace. Iyayenmu sun saurari waɗannan a rediyo da kaset, a Gazawa da Tasawa da Maraɗi, ba a ce sun lalace ba.

Sannan zamanin finafinai ya zo. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, daidai lokacin da littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ke yawo hannu da hannu. Daga Sangaya, wajen shekarar 2000, waƙa da rawa irin ta finafinan Indiya suka zama gishirin fim. Mu ma da hannunmu a ciki, domin Fati Nijar ƴar Maraɗi ce. Yanzu kuwa waƙar ba ta ma jiran fim, daga situdiyo sai waya. A 2020 kowa ya ga yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suna yi wa mazajensu rawa ana ɗauka ana watsawa, aka yi ta muhawara a kai.

Na zauna na saurari waƙoƙin nan da kunnen malami, na ajiye fushi gefe. Na sami abin yabo a ciki. Yawancinsu aure suke nufa. A cikinsu ana zargin saurayi mayaudari kamar yadda ake zargin budurwa mai kwaɗayi, kuma yarinya na da bakin cewa an cuce ta. Na kuma sami abin tsoro. So a cikinsu ciwo ne da ba ya da magani sai mutum ɗaya, idan babu shi sai mutuwa, kuma wannan mugun darasi ne ga ƴar shekara 14. Sakaya ta yi ƙaranci, an bar habaici an koma faɗin komai tsirara. Kunya ma ta sake kama. A da abin da mutum ke ji ne a ransa ya hana kansa. Yanzu ta fi zama abin da ake jefa wa mutum: a watsa hotonsa a WhatsApp, a karanta saƙonsa a TikTok, a yi masa dariya. Da na kai nan sai jikina ya yi sanyi, domin abin da na yi wa ɗalibata ke nan, waya ce kawai babu.

Hausa kalma ɗaya take amfani da ita ga abubuwa biyu. Akwai jin kunya, wanda ado ne, wanda hadisi ya ce yanki ne na imani, wanda kuma Kirk-Greene ya lissafa cikin halayen mutumin kirki a nazarinsa na 1974, tare da gaskiya da amana da haƙuri da mutunci. Akwai kuma kunyatarwa, wato tozarta mutum a bainar jama'a. Na farko yaro ke koya daga ganin manya. Na biyu kuwa ba ya koya wa yaro komai sai ɓoye-ɓoye. Da yawa daga cikinmu, malamai da iyaye, muna yin na biyu muna tsammanin na farko muke shukawa.

Sai bayan shekara guda na iya buɗe kayen nan na karanta shi a natse. Waƙoƙinta uku ne. Duk a kan wani yaro ne da ya yi mata alkawari, ya tafi haƙar zinariya a Jado kamar yadda samarin yankinmu da yawa suka yi bayan 2014, ya kira sau biyu, daga nan shiru. A gida kuma an fara kawo maganar wani. Tana tambayar ko ta jira ko ta haƙura, tana tsoron a ce ta ƙi zaɓin iyaye, tana tsoron a ce ta saɓa alkawari. Ko sau ɗaya ba ta kama sunansa ba, da ƙurar mota ta kwatanta shi. Wato waƙar niƙa ce irin ta su Iya, an dai rubuta ta da biro. Yarinyar da na ce ba ta da kunya ta fi ni kunya a ranar. Kuma a cikin shafukan nan tana neman wanda zai ba ta shawara. Da na karanta da idon basira, da na nemi direkta da wata malama mun je mun zauna da iyayenta tun magana ba ta yi nisa ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda muke. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace. Amma doka ba ta shiga aji ta ga abin da mushe ke yi. Uba da yawa ba ƙin boko ke sa ya cire ƴarsa ba, tsoron abin kunya ne. Da zarar magana ta fita gari cewa an kama wance da waƙar soyayya a lakwal, to an ba shi hujja. Malamin da ya tona asirin ɗaliba yana iya rufe mata ƙofar makaranta da bakinsa.

Ga abin da nake yi yanzu, ko wani zai amfana. Idan na kama rubutu irin wannan, ina rufe shi in mayar wa mai shi bayan an tashi, in tambaya a hankali ko akwai abin da ke damunsa. Idan yarinya ce, ina haɗa ta da malama mace. Sau ɗaya a shekara kuma ina ba yara aikin gida: kowa ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa ya rubuto waƙar niƙa ko ta gaɗa guda ɗaya, ya kuma kawo waƙar zamani ɗaya da yake so. Sai mu jera su a allo mu yi musu tambayoyi uku: wa ke magana a cikin waƙar, wa aka ci amanarsa, wa aka ɗora wa kunya? Yara da kansu suke gano cewa kakanninsu sun fi mawaƙan waya iya sakaya magana. Da kansu kuma samari suke yin shiru idan aka zo kan wanda ya yi alkawari ya tafi. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ina fatan irin wannan darasi zai sami gurbi na sosai a tsarin karatu, ya daina zama abin da malami ke satar wa lokaci.

Ku kuma iyaye, ban ce ku sakar wa yara waya su ji duk abin da suka ga dama ba. Akwai waƙoƙin da ba su dace da kunnen yaro ba, a hana su. Amma idan kun ji ƴarku ta nace wa waƙa ɗaya tana maimaitawa, ku saurari abin da waƙar ke cewa kafin ku yi faɗa, wataƙila saƙo ne. Na san kunya ba za ta bar uwa ta zauna da ƴar fari su yi wannan magana ba, kuma ban ce a karya al'ada ba. Ai don haka al'adar ta tanadi kaka da goggo da yaya. A tura su. Ɗa namiji kuma a koya masa tun yana ƙarami cewa alkawarin da ya yi wa ƴar mutane amana ce, idan ya saɓa shi ne ya yi abin kunya.

Bara na haɗu da ita a asibiti, ta kawo yaro awo, ga wata ƴar yarinya riƙe da gefen zanenta. Ita ta fara gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce mata, “Ƴata, akwai hakkinki a kaina tun 2015, ina roƙon ki yafe mini.” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Haba Mushe, ai ya wuce. Allah ya yafe mu baki ɗaya.” Har na juya zan tafi sai ta ce, “Mushe, kayen nan yana nan?” Na ce yana nan. Washegari na sa shi a ambulan na ba matata ta kai mata har gida. Matata ta ce ta tarar da babbar ƴar tana haɗa baƙi a ƙofar ɗaki, an sa ta lakwal.

Iya ta rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Kafin rasuwarta na rubuta waƙoƙi goma sha ɗaya daga bakinta, su nake fara karanta wa yara duk shekara. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar ƴaƴan da aka damƙa mana, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.